Ɓarawon da Ke Shayar da Dutse

"Ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Darakta ya dube ta ta saman tabarau kamar bai ji da kyau ba, ya sake tura mata biro.

"Malama, ba shawararki nake nema ba. Layi uku ne kawai. Kin sha ganin tsohon nan yana leƙen tagar ɗakin ajiya, ko ba ki gani ba?"

"Na gani. Kullum in an tashi aiki sai ya leƙa. Shi ya tono abin, zuwa yake ya ga yadda ya kwana. Amma takardar nan cewa ta yi na gan shi ya ɗauka, ni kuwa ban gani ba."

Ga yadda maganar take. Wata huɗu da suka wuce, a wurin fasa dutse, wani tsohon lebura da ake kira Mai Guduma ya tsaga wani fallen dutse baƙi, sai ga jemage kwance a ciki, fukafukai a buɗe, ƙasusuwansa sirara kamar tsinken tsintsiya, duk sun zama dutse. Irin jemagen da ya ƙare a duniya ne tun shekaru miliyoyi, mai farce a kowane yatsa, ba kamar na yanzu ba. Gidan tarihi ya dakatar da fasa wannan ɓangaren, ya turo mutum biyu su zauna a wurin: Malama, wadda ta karanci duwatsu, da Baba Allura, dattijon da ke share ƙasa daga jikin ƙasusuwa da tsinin allura. Dutsen kuwa mai wuyar sha'ani ne. In ya bushe sai ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, don haka kullum a ƙarƙashin jiƙaƙƙen tawul yake.

Da safiyar ranar nan Daraktan gidan tarihin ya zo ba sanarwa, da manyan baƙi a bayansa, ya buɗe ɗakin ajiya da hannunsa, ya tarar da tebur wayam. Kafin tsakar rana 'yan sanda sun tafi da Mai Guduma, sun kuma rufe wurin aikin baki ɗaya sai an ga abin. Mutum ɗari biyu suka koma zaman banza.

"Kwantiraginki saura wata biyu," in ji Darakta a hankali. "Wasiƙar ƙaro karatunki kuma tana kan teburina."

"Na san inda take. Ka ba ni zuwa gobe da tsakar rana."

"Ki yi me?"

"In duba ƙasa."

Ya yi wata 'yar dariya. Kowa ya san mahaifinta maharbi ne, mai bin sawu, wanda ya riƙa jan ta daji tun tana shekara bakwai saboda ta fi yayyenta maza ido. Ba ta taɓa ɓoye wannan ba, ko a jami'a.

*

Bakin ƙofa ba shi da abin faɗa. Tun safe an tattake wurin, makulli kuma kowa ya san a saman ƙofa ake ajiye shi, har mai sayar da ruwa. Sai ta jira rana ta karkata, lokacin da inuwa ke cika kowane ɗan rami a ƙasa, sannan ta ja nesa da ɗakin ta fara kewaya shi, yadda mahaifinta ke yi in garke ya ɓata masa sawu. Aka haɗa ta da Saje, wani ɗan sanda mai tumbi da son raha, wai ya sa mata ido.

Leburori na zaune bisa tarin tsakuwa suna kallo.

"'Yar Maharbi, in kin tayar da zomo namu ne!"

"Ku 'yan boko kuka ɓoye abinku, kuka ɗora wa talaka."

"Wane talaka?" in ji wata mai sayar da abinci. "Ni da idona na ga dillalin kayan tarihi ya fito daga gidan tsohon. Ku bar ni in yi shiru kawai."

Malama ba ta ɗaga kai ba. A bayan ɗakin, a wata siririyar hanya tsakanin waya da tarin tsakuwa, inda farar ƙurar dutse ta kwanta luf, ta tsaya. Sawun takalmin ruwa ne, irin guda shida da ke jere a ɗakin ajiya, duk lamba ɗaya.

"To ai an gama," in ji Saje. "Takalmin leburori ne."

"Takalmin na kowa ne, Saje. Tafiyar ce ta mutum ɗaya. Duba. Taku gajere, yatsu a waje. Ga guntun ƙarfe nan ya taka, wanda duk mai ganin ƙafarsa zai kauce masa. Ke nan abin a gabansa yake, kwance bisa hannu biyu. Da ya zo kwanar hanya kuma bai murɗa jiki ba, taku biyar ya yi kafin ya juya."

"Ikon Allah. Duk a ƙurar nan?"

"Saura ma."

Bayan taku arba'in sawun ya haɗe wuri ɗaya, dugadugai sun nutse, alamar an tsuguna. A gaban wurin ƙurar ta yi ɗigo-ɗigo, ta bushe ta yi ɓawo, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, sun bazu kamar mafici. Taku arba'in gaba, haka. Gaba kuma, haka.

"Tsugunawa yake ya ɗora shi a cinya, don kada ya taɓa ƙasa," in ji ta. "Sannan ya jiƙa tawul ɗin. Shayar da shi yake."

"Ɓarawo mai tausayi! Allah ya haɗa ni da irinsa."

Ba ta yi dariya ba. Kwalbar feshi ɗaya ce a wurin, kuma ta gan ta ɗazu bisa kantar ɗakin ajiya, cike da ruwa. Yayyafin hannu kuwa ba ya yin laushi haka. Wani abu ya ɗarsu a ranta, ta ture shi tun bai gama shigowa ba.

Sawun ya ɓace a kan hanyar manyan motoci, wadda dutse ce zalla. Daga nan hanya ta rabu uku: ofishin Manajan wurin fasa dutse, unguwar leburori, da gidajen ma'aikatan gidan tarihi. Ta ari bokitai da kwanoni wajen mai abinci, ta kikkife bisa sawun.

*

Manaja ta fara nufa, kuma Allah ya sani da fata ta je. Shi ne mutumin da jemagen ya tare wa hanya, shi ne kuma aka ga tifarsa a bayan ɗakin ajiya jiya.

Ta same shi da waya biyu a kunne, yana ba masu gine-gine haƙuri.

"Malama, zauna. Kin zo kama ni ne? Wallahi da ni ne, ba zan sha wahalar ɗauka ba. Nakiya ɗaya, ku da jemagenku ku neme shi a sama."

"Me tifarka ke yi a bayan ɗakinmu?"

"Inuwa. Direban rago ne, duk inda ya ga inuwa nan ne garejinsa. Ki dube ni da kyau. Da, ɓangare ɗaya kuka rufe mini. Yau duka aka rufe. In na sace shi, kaina na sata."

Ta koma ta sake duba wurin kafin haske ya ƙare. Sawun takalmin a bisa sawun taya yake, ba a ƙarƙashi ba. Motar ta tafi tun kafin a fito da dutsen. Ta daɗe tsaye a wurin, ranta bai so ba.

*

Da safe Saje ya kai ta wurin Mai Guduma a ofishin 'yan sanda. Tsohon na zaune a siminti bayan kanta, yana tari, idanunsa sun faɗa.

"Sannu, Baba. Ka ci wani abu?"

"'Yata, abinci ba ya wucewa. Shekara arba'in ina fasa dutse, ko tsakuwa ban taɓa kaiwa gida ba sai wadda ta maƙale a takalmi. Jiya jikokina suka ga an sa ni a mota."

"An ce an ga jiƙaƙƙen buhu a gidanka."

"Jarkar ruwana nake naɗewa da shi don ya yi sanyi. Tun ba a haife ki ba nake yi."

"Dillalin fa?"

"Ya zo, ba zan yi ƙarya ba. Wai in na sake samun irinsa in kai masa, kada in faɗa muku. Na ce masa halitta ta kwanta a dutse tun ba a yi mutum ba, Allah ya nufa a hannuna za ta ga rana, sai in miƙa wa mai jaka? Na raka shi da guduma har bakin hanya. Ki tambayi matata, ita ta riƙe ni."

Suka fito, Saje na biye da ita. Can ya ce, "Malama, irin ɗaukar nan da kika nuna mini jiya, hannu biyu, taku biyar a kwana. Su wa suka iya?"

"Wanda aka koya wa."

"Su nawa ne a nan?"

"Uku. Darakta, Baba Allura, da ni."

"Har da ke."

"Har da ni. Ka rubuta."

Ya sosa ƙeya. "Kin san in kika fitar da tsohon, ɗakin tsarewa bai iya zama ba kowa. Manya ba sa son kanta wayam."

"Na sani. Ka rubuta, na ce."

*

Ta tarar da Baba Allura a rumfar aiki, gefen ɗakin ajiya, yana kula da sauran duwatsun, masu ƙasusuwan kifi da ganye. Shekara uku tana ƙarƙashinsa. Shi ya koya mata riƙe allura, shi ya koya mata tafiya da dutse, shi ya tsaya mata lokacin da aka ce aikin ba na mace ba ne.

"Kin rame a kwana ɗaya," in ji shi. "Zauna, 'yata."

Ta zauna bisa benci. Ya ɗauki kofi, ya kurɓi ruwa, ya kumbura kumatu, ya fesa bisa tawul da baki, fuu, yadda masu guga ke yi. Haka yake yi tun fil azal. Cewa yake kwalbar feshi ta malalata ce, ba ta san inda dutse ke jin ƙishi ba. Sau dubu ta ga wannan, amma kullum dutsen take kallo. Yau ta kalli ƙasa. A ƙurar da ke gaban takalminsa ɗigo ya bazu kamar mafici, manya a tsakiya, ƙanana a gefe.

Da ya zo ajiye kofin, sai da gindinsa ya ƙwanƙwasa tebur sau uku kafin ya zauna. Hannun rawa yake.

"Irin wannan abu yakan dawo da kansa," in ji shi, bai dube ta ba. "Ki roƙi Darakta ya ƙara kwana biyu."

"Tsohon tari yake, Baba. A siminti ya kwana."

"Kwana biyu kawai."

"Baba, akwai abin da za ka faɗa mini? Mu biyu ne a nan."

Ya gyara bakin tawul, ya sake gyarawa.

"Babu," in ji shi.

Ta tashi ta fita. A bayan rumfar ta jingina da bango, ta share fuska da gefen mayafi, ta je ta cika bokiti da farar ƙura.

*

Da tsakar rana aka taru a ɗakin ajiya: Darakta da takardarsa, Manaja, Baba Allura, da Mai Guduma wanda Saje ya kawo. Leburori suka cika ƙofa da taga. Malama ta barbaɗa ƙura a daɓe, ta ɗora wani fallen dutse marar komai bisa tebur, ta rufe da tawul, ta ajiye kofin ruwa da kwalbar feshi a gefe.

"Kowa zai ɗauke shi ya kai bango, ya jiƙa tawul ɗin. Shi ke nan. Sannan mu je bayan ɗaki mu buɗe bokitai, kowa ya gwada da idonsa."

Manaja ya sungume shi a hammata kamar fayil, ya kai, ya tuttule rabin kofi a kai. Aka yi dariya. Mai Guduma ya ce bismillah, ya ɗora a ka, taku huɗu ya isa bango.

"Ni za ki gwada?" in ji Darakta. "A gaban leburori?"

"Har ni zan yi, ranka ya daɗe."

Ya ɗauka a fusace, amma daidai ya ɗauka, bisa hannu biyu. Ya fesa da kwalba, ɗigon ya sauka zagaye, duk girma ɗaya. Ita ma ta ɗauka. Taku gajere, yatsu a waje, taku biyar a kwana.

"Tafiyar nan ce sak!" in ji Saje, muryarsa ta tashi. Ƙofa ta ɗauki guna-guni.

"Ita ce," in ji Malama. "Koya mini aka yi." Ta fesa da kwalba, ya sauka zagaye. Ta mayar da dutsen bisa tebur, ta cika kofi, ta juya. Ta miƙa shi wajen Baba Allura.

Baba Allura ya dubi kofin, ya dubi ƙurar da ke daɓe.

"Ajiye, 'yata," in ji shi. "Yana gidana."

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Shekaranjiya da yamma allura ta kuɓuce mini, ƙashin fiffike ya tsage wuri uku. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa karya ko ƙayar kifi ba. Hannun nan ya fi shekara yana yi mini haka, ina ɓoyewa. Na ce in kai shi gida in ɗinke a natse, in mayar kafin kowa ya sani. Ban san za ka zo da baƙi ba. Da aka kama bawan Allah nan na buɗe baki, ya ƙi buɗuwa. Na ce gobe. Yau ma da safe cewa na yi gobe."

Mai Guduma ya matso, ya daɗe yana kallonsa.

"Kai kuwa, da ka faɗa mini ai da na zo na riƙe maka hannun. Riƙo ne aikina." Ya shafa ƙugu. "Na yafe. Amma ƙashin bayana ya ce shi sai ya yi shawara."

Wani ya tuntsire da dariya a taga, sai ta bi ɗakin duka, irin dariyar mutanen da aka sauke wa kaya.

*

Rabin ma'aikata suka bi su gidan. A ɗakin da ya fi sanyi aka same shi, bisa tebur, an tattare labule, tawul jiƙe sharkaf. Malama ta ɗaga shi da yatsa biyu. Ga jemage kwance yadda ta san shi, haƙora kamar ƙwayar yashi, farata cif a kowane yatsa. Ta sa gilashin ƙara girma ta bi fiffiken sau biyu kafin ta gano ɗinkin. Biyu sun haɗe har ba a gani, na ukun saura kaɗan. Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba.

Saje ya leƙa ta kafaɗarta. "Wannan ɗan mitsitsin ne ya zaunar da mutum ɗari biyu? Ko kyanwa ba za ta tsaya masa ba."

Ita ta ɗauko shi zuwa ɗakin ajiya, leburori suna buɗa mata hanya, wani na kore awaki, wani na kwashe duwatsu daga gabanta. Mai abinci ta biyo baya tana rantsuwa ita dama ta san tsohon ba zai yi ba. Matar Mai Guduma ta tare ta a hanya, ta rasa inda za ta kama tunda hannuwan duka a cike suke, sai ta riƙe bakin mayafinta ta raka ta har ƙofa tana sa albarka. Washegari injin niƙa dutse ya tashi, kuma ƙarar da Malama ta tsana wata huɗu, ranar daɗi ta yi mata.

Ba a kai kowa kotu ba. Aka ce abin gida ne, aka yi wa Baba Allura ritaya a cikin mako. Darakta kuwa ya riga ya aika wa manyansa rahoto da sunan Mai Guduma a ciki, sai da ya sake rubuta wani yana janyewa, kuma bai manta wadda ta sa shi ɗaukar dutse a gaban leburori ba. Ranar da aka zo tafiya da jemagen ya yi sallama da kowa, har direba, ya wuce ta.

Wata biyu suka cika, ba a sabunta kwantiraginta ba. Wasiƙar ƙaro karatu ba ta taɓa barin teburin ba, gurbin ya tafi ga wani. Da aka buga bayanin jemagen, sunaye biyar ne a kai, babu nata. Ta yi wata tara a ɗakin mahaifiyarta tana aika takardun neman aiki, 'yan uwa na cewa taurin kai ne ya ja mata, tana amsa musu da cewa shi ne, kuma ba aro ta yi ba. Yanzu tana koyar da ilimin ƙasa a wata makarantar sakandare, kuma barci take yi lafiya lau.

Wanda ya fi ci mata rai shi ne Baba Allura. Unguwarsu ɗaya yanzu. In ta gan shi a hanya takan rusuna ta ce, "Ina kwana, Baba," shi kuma sai ya juya ya dubi bango har ta wuce. Shekara biyu ke nan bai amsa ba. Ita kuwa ba ta fasa gaishe shi ba.